Ranar Zuba Kankare a Gidan Sha'aibu Mai Walda

Injin kwaɓa kankaren ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Rekiya tana tsugune a ƙofar kicin tana feraye doya, 'yarta Rumaisa goye a bayanta, sai wuƙar ta tsaya a hannunta. Ta sha hango irin wannan inji daga cikin keke napep a hanyar kasuwa, amma ba ta taɓa kawowa a ranta cewa wata rana za a turo shi cikin gidansu ba. Sai da aka fasa katangar baya kafin ya samu hanyar shigowa. Ga shi nan yana juya cikinsa kamar wata ƙatuwar tukunya, ana ɗura masa yashi da tsakuwa da siminti, yana haɗiyewa ba ya ƙoshi.

Sha'aibu mijinta mai walda ne. Shekaru ya yi yana haɗa ƙofofi da get a bakin titi nan Akurba, ƙarƙashin wani mangwaro, ruwa ya kore shi, rana ta gasa shi. Da aka zo faɗaɗa titi aka ce kowa ya tashi, sai ya dawo gida ya tsaya yana kallon filin da mahaifinsa ya bari a bayan ɗakuna, inda ake shuka kuɓewa da damina. Ya ce a nan zai gina shagonsa, babba, wanda get ɗin gidan mai, duk girmansa, zai kwanta a ciki ya miƙe ƙafa. Abin da ya fi damunsa shi ne ƙasan. Ya sha gaya mata cewa get ɗin da aka haɗa a kan ƙasa mai tudu da kwari, ko ya yi kyau a ido, ranar da aka rataye shi zai karkace. Shi ya sa yake son daɓen kankare shimfiɗe, santal, daga wannan bango zuwa wancan.

A cikin wannan fili akwai abin da Rekiya kaɗai ta sani. Shekarar da aka kawo ta gidan, cikinta na fari ya zube bayan ya yi nisa, har an fara jin motsi. Sha'aibu yana Abuja wajen aiki a lokacin, ruwa kuma ana tafka shi kamar da bakin ƙwarya, babu namiji a gidan. Inna Indo, mahaifiyar Sha'aibu, ita ta wanke abin da aka samu, ta naɗe a farin ƙyalle, ta haƙa rami a filin baya ta rufe, yadda ta ga ana yi a ƙauyensu can wajen Doma. Washegari ta kafa reshen zogale a wurin don kada wani ya kai fartanya. Da Sha'aibu ya dawo, uwarsa ta ce masa Allah bai yi ba, an rufe. Ya yi salati, ya sunkuyar da kai, bai tambayi komai ba. Ita kuwa Rekiya, Inna ta ja ta gefe ta ce mata ɗan fari ko yana da rai mace mai kunya ba ta kama sunansa, balle wanda bai zauna ba. Daga ranar ba a sake ɗaga zancen ba. Bara Inna Indo ta rasu, ta tafi da nata rabin sanin.

Da aka zo kafa turaku aka ja igiya, zogalen ya faɗa a ciki. Rekiya tana tsaye aka sare shi, har ta tsinke ganyen ta yi kwaɗo. Aka haƙa tushen gini a kewaye, aka jera bulo, tifa ta yi ta kawo jar ƙasa ana cikawa ana dandaƙewa. Kowane mataki sai ta ce wa kanta ai ƙasa ce a kan ƙasa, ba a rasa komai ba, gobe za ta faɗa masa. Idan ta kai masa abinci sai maganar ta taso har maƙoshi, ya ɗago ya dube ta, sai ta tambaye shi ko gishiri ya ji. Yau kuwa kankare za a zuba. Daga yau maza za su riƙa taka wurin da takalma, suna jan ƙarfe a kai, tartsatsin wuta yana zuba.

Duk da wannan nauyi da ke ranta, idonta ya kasa barin aikin. An shimfiɗa baƙar leda a kan jar ƙasar gaba ɗaya, aka ɗora ragar waya a sama, filin ya koma wani wuri da ba ta sani ba. Da ana shuka kuɓewa ba ta taɓa ganin girmansa ba. Yanzu da aka share shi aka daidaita, sai ta ga kamar za a iya sallar Juma'a a ciki.

Shugaban maginan wani Tibi ne, Torkula, gajere mai furfura a gemu, da tsohuwar hular kwano a kansa. Tun da safe ta ga ya yi wani abu da ya tsaya mata a rai. Ya ɗauko doguwar tiyo mai haske, wadda ake ganin cikinta, ya cika ta da ruwa, ya riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa, wani magini ya ja ɗaya bakin har can ƙarshen fili. Tiyon tana kwance a ƙasa, ta lanƙwashe nan, ta haye bulo can, amma inda ruwan ya tsaya a hannun Torkula, daidai nan ya tsaya a hannun wancan. Suka yi alama a jikin katako. Rekiya ta daɗe tana juya abin a ranta. Wa ya gaya wa ruwan wancan bakin inda ɗan'uwansa ya tsaya? Ta yi tasbihi a hankali, ta koma kan doyarta.

Masu ɗaukar kankaren yawancinsu mata ne, sun ɗaure ƙugu da zani a kan wando, ƙafafunsu naɗe da leda da tsumma saboda cin siminti. Inji zai karkata ya amayar, masu shebur su cika kwanon sarki, mace ta ɗora a kan gammo ta bi ta kan katakon da aka shimfiɗa, ta juye, ta dawo ta wani layin. Babu mai karo da wata. Suna tafe suna waƙa da yarensu, wata ta bayar, saura su amsa. Daga can ƙarshen fili aka fara, wajen katangar da aka fasa, ana tahowa wajen ɗakuna. Bayan masu juyewa akwai maza biyu riƙe da dogon katako, suna bubbuga kankaren suna ja, sai tsakuwar ta nutse, ruwa-ruwan ya taso sama. Inda suka wuce sai wurin ya kwanta lumui yana sheƙi, har Rekiya ta hango gajimare a ciki, da wata shirwa da ta gitta.

Wata daga cikin matan ta zo shan ruwa a randa. Doguwa ce, fuskarta duk ɗigon siminti, ta ce sunanta Erdoo. Ta shanye moɗa guda, ta leƙa tukunya, ta ce idan doyar nan ba ta ji manja ba to ita za ta kai ƙara wajen Oga Sha'aibu. Rekiya ta yi murmushi ta rufe baki da gefen hijabi. Erdoo ta ja ƙafar Rumaisa tana yi mata wasa, ta tambaya ko ita ce ta fari. Rekiya ta sunkuyar da kai ba ta amsa ba, matar ta yi dariya ta ce ta manta, ku mutanen nan ba ku faɗa.

"Madam, tun safe kana kallon aikin nan kamar fim," in ji Erdoo da Hausarta ta 'yan koyo. "Ka kalla da kyau. Wannan abu idan ya bushe, jikan jikanka ma ba zai ga ƙasan wurin nan ba. Irin wannan daɓe shi ake ce wa Jaman fulo. Sai dai a kawo injin fasa titi."

Ta ɗora gammonta ta koma layi. Rekiya ta bi ta da kallo, ta ga kankaren ya riga ya cinye kusan rabin filin. Ta sa itace a murhu.

Ba a kashe inji don cin abinci ba. Torkula ya ce kankare ba ya son a bar shi ya huce a tsakiyar aiki, in an bari sabo da tsoho ba za su kama juna ba, nan wurin zai tsage. Don haka bi da bi suka riƙa zuwa, kowa ya karɓi faten doyarsa a tsaye, ya share kwano ya koma. Wani magini ya ce wa Sha'aibu ashe shi ya sa ba ya cin abincin bakin titi, yana da otal a gida. Sha'aibu ya ce ya ci ya yi shiru, kada ya jawo masa kwastoma.

Da aka kira azahar ya zo ƙofar ɗaki yin alwala. Rekiya ta cika buta ta kai masa, ta tsuguna a gefe. Wannan ce damar da take jira, babu kowa kusa. Rigarsa ta jiƙe da gumi, gashin idonsa ya yi fari da ƙurar siminti, amma fuskarsa tana haske irin wanda ba ta taɓa gani ba, ko ranar sunan Rumaisa. Tun kafin ta buɗe baki ya fara nuna mata da hannu. Can zai ajiye janareta. Can rodi da falankin ƙarfe. Nan tsakiya kuwa, daga wancan ginshiƙi zuwa wannan, babu abin da zai ajiye, nan manyan get za su riƙa kwanciya. Ya ce mata shekara nawa yana sa dutse da guntun katako a ƙarƙashin ƙarfe don ya daidaita, daga yau ya gama da wannan.

"Rekiya, kin ga yadda yake ɗaukar ido? Da Inna tana nan ta gani."

Ta dubi inda hannunsa ya nuna. A wannan tsakiyar ne zogalen yake a da. Ta ce Allah ya sa albarka, ya ce amin, ya shiga ɗaki ya ta da salla.

Ita ma ta yi tata sallar. Da ta sallame ba ta iya roƙon komai ba, ta dai zauna a kan darduma tana jin ƙugin injin yana shigowa ta cikin ƙasa har cikin ƙashinta. Ta tuna hannun Inna Indo a ranar, duk taɓo, da yadda ƙyallen bai fi tsawon damtsenta ba. Ta tuna ba wanda ya yi wa abin nan salla, ba wanda ya raɗa masa suna, zogalen nan kaɗai ya samu a duniya, shi ma an sare tana kallo. Ta miƙe ta gyara goyonta, ta leƙa ta taga. Layin matan ya matso sosai. Baƙar ledar da ta rage ba ta da yawa.

Ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta wuce murhu, ta wuce randa, ta taka bulon tushen gini ta hau kan ledar, ragar waya tana sukar tafin ƙafarta. Tun da aka fara ginin ba ta taɓa ƙetare wannan bulo ba. Mata masu kwano suka riƙa kauce mata suna kallonta. Sha'aibu yana can riƙe da shebur, ya juyo ya gan ta a tsakiyar maza, ya taho da sauri yana tambaya ko yarinyar ce ba lafiya.

Ta faɗa masa. Bai ji ba. Ya kara hannu a kunne, ta sake faɗa, ƙarar injin ta haɗiye maganar. Torkula da ke kallonsu ya ɗaga hannu ya yi wa mai inji alama. Injin ya yi gurnani ya mutu.

Shirun da ya sauka ya fi ƙarar nauyi. Aka ji kukan kurciya daga gidan maƙwabta, da ɗigar ruwa daga bakin tanki. Mata sun tsaya cak da kwanuka a ka, maza sun dogara da shebur, kowa ita yake kallo. Maganar da ta kasa faɗa wa mutum ɗaya a cikin ɗaki, yanzu sai dai ta faɗe ta a gaban baƙi. Ta ji kamar ta nutse cikin ledar. Ta kafa ido a kan yatsun ƙafarta.

"Malam, kada a zuba a gurbin zogale," ta ce. "Akwai mutum a wurin."

Sha'aibu ya tambaye ta wane mutum. Ta kai hannu baya ta dafa goyonta.

"Abin da ya riga wannan zuwa. Nan Inna ta rufe."

Shebur ɗin ya zame a hannunsa, ya tare shi da gwiwa. Erdoo ce ta fara sauke kwanonta ƙasa, sauran matan suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Torkula ya cire hular kwanonsa ya riƙe a ƙirji. Ya ce shi ya gane, su ma a wajensu a cikin gida suke kwantar da nasu, ba a gini a kansu. Amma ya ce a yi haƙuri, kankaren da ke ƙasa ba ya jiran kowa, Madam ta nuna wurin yanzu.

Rekiya ta ɗaga kai ta duba. Babu zogale, babu kututturensa. Tsohuwar katangar da take auna wurin da ita an rushe. Turmin da ya fashe, wanda ya daɗe a jingine kusa da wurin, an jefar. Ko'ina baƙar leda ce da waya, iri ɗaya. Ta matsa dama, ta dawo hagu. Ta dubi sashen da aka riga aka zuba, yana sheƙi, ta ji tsoro ko ta makara. Wani daga cikin maza ya yi gyaran murya.

Sai ta juya ta sauka daga kan ginin. Mutane suka zaci fasawa ta yi. Ta je ƙofar ɗakinta ta ɗauki butar da Sha'aibu ya yi alwala da ita, akwai sauran ruwa a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda take tsayawa kowace safiya ta rani, lokacin da take fita ba wa zogalen ruwa kafin gida ya tashi. Ta sauke idonta ƙasa, ta daina neman alama, ta bar ƙafafunta su tafi. Suka bi ta gefen kicin, suka ɗan karkata inda a da akwai kunyar kuɓewa, suka haye bulo. Mutane suna buɗa mata hanya. Ta yi ta tafiya har ƙafafun suka tsaya da kansu, hannunta kuma ya karkata butar, ruwa ya zuba a kan leda ya taru wuri ɗaya.

Tsakaninta da bakin ɗanyen kankaren bai fi a miƙa hannu ba.

Torkula ya zo ya tsaya a gefenta, ya dubi ginshiƙin nan ya dubi wancan, ya shafa gemunsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma a wannan shiru kowa ya ji.

"Oga Sha'aibu, gaskiya zan faɗa maka. Idan mun bar rami a nan, babban get ba zai kwanta ba. Sai dai ƙanana, ta wancan gefe. Kai ne mai shago. Abin da ka ce shi za mu yi, amma ka ce yanzu."

Rekiya ba ta dubi mijinta ba. Ta san abin da wannan tsakiya take a wurinsa, ɗazu ya gama faɗa mata. Inuwarsa kawai take gani a kan ledar, tsaye ba motsi. Rumaisa ta farka ta fara ƙananan kuka, ta jijjiga ta. Can sai inuwar ta juya ta tafi. Ta ji ƙarar katako ana jansa daga inda aka tara, da ƙarar ƙusoshi a cikin gwangwani.

Ya dawo da falanki huɗu a kafaɗa, guduma da almakashin ƙarfe a hannu. Torkula ya miƙa hannu zai karɓa, Sha'aibu ya girgiza kai. Ya durƙusa a gaban ɗan ruwan da ya taru, ya datse wayar da kansa, ya naɗe ta gefe, ya yanke ledar ya ɗaga. Jar ƙasa ta bayyana, da danshinta. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jera falankin a kewaye, ya sa ƙusa a baki, ya fara haɗa kusurwa ta farko.

Maginan suka ja baya suka ba su wuri. Rekiya tana tsaye a kansa da buta a hannu, ba ta san ko ta tafi ko ta tsaya ba. Ya buga kusurwa ɗaya, ya buga ta biyu. Da ya zo ta uku sai ya cire ƙusar daga bakinsa, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba, da muryar da ita kaɗai za ta ji.

"Namiji ne ko mace?"

"Mace ce," in ji Rekiya.

Gudumar ta tsaya a sama. Ya sauke ta a hankali ya ajiye a kan ƙasar. Ya share fuskarsa da gefen riga, siminti ya ƙara ɓata ta. Sai ya sa hannu ya ɓamɓare kusurwar da ya riga ya buga, ya waiwaya wajen Torkula.

"A kawo mini falanki masu tsawo," ya ce. "Wannan ya yi kaɗan. Kada kankaren ya matse ta."